Babana, ka ji ta bakinsa tukuna

Jekadafari, Gombe.

Babana,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa da fatan kana lafiya, mu nan duk lafiya lau, sai ƙafar Innarka da ta sake tashi da shigowar sanyi, amma da sauƙi. Na ga gara in rubuto maka a takarda, domin a waya ba ma gama magana. Kai kullum cikin sauri kake, ni kuma raina yakan ɓaci kafin in isa inda na nufa, sai mu ajiye waya kowa da abinsa a ciki. Wannan ka nemi wuri ka zauna ka karanta ta, in ka gama ka sake.

Ran Juma'a bayan an sauko, Kawunka ya biyo ta gida ya nuna mini a wayarsa labarin da kuka buga na asibitin ƙauyen nan da aka ce magani ya yi ɓatan dabo. Na ga sunanka a sama. A layi na biyu kuma na ga sunan sitokifan asibitin, cikakke, har da unguwarsu. Idona ba ya jure ƙananan rubutu yanzu, sai na sa autarmu ta karanta mini, sau biyu, ina kasa kunne in ji inda za a ce "da muka tuntuɓe shi ya ce". Har aka kai ƙarshe ban ji ba. Abin da na ji shi ne "wata majiya da ta nemi a sakaya sunanta". Majiyarka ka rufa mata asiri, shi kuma ka shanya shi a bainar jama'a. Daren nan ban runtsa ba.

Na san abin da za ka ce a ranka: dama Baba bai taɓa son aikin nan ba. Na san kana riƙe da ni tun ranar da ban raka ka tasha ba. To bari in gaya maka, a gidan nan ba wanda ya riga ni sanin darajar jarida. Mai sunanka, Allah Ya jiƙansa, ajami kawai ya iya, amma duk sanda Gaskiya Ta Fi Kwabo ta iso gari sai ya aika a sayo. Ina aji huɗu na firamare ya fara zaunar da ni a zaure bayan la'asar in karanta wa dattawa, in na yi tuntuɓe a kalma su gyara mini da ka. Shi ya gaya mini tun 1939 ake buga ta a Zariya, kuma Abubakar Imam ne editanta, mutumin da talaka ke aika wa wasiƙa daga ƙauye ya ga an buga ta. A bakinsa na fara jin sunan Malam Sa'adu Zungur na Bauchi, lokacin Gombe tana cikin lardin Bauchi, wanda ya riƙa rubutu a jaridu yana faɗa wa En'e, wato hukumar sarakuna, da Turawa abin da ba wanda ya isa ya faɗa a fada. Mai sunanka ba ɗan jam'iyyar NEPU ta su Malam Sa'adu ba ne, amma yakan ce mutumin nan bai taɓa sayar da alƙalaminsa ba.

Rediyo kuwa kai shaida ne. Ka tashi ka tarar da ita a kan tabarmata, BBC da safe da kuma ta ƙarfe takwas da rabi na dare, Rediyon Kaduna a tsakani. Ranar da bam ya tashi a Tashar Dukku a Disambar 2014, yayanka yana kasuwa, wayoyi sun ƙi shiga, me muka rungume in ba rediyo ba? Yaro ya ɓace a yi cigiya a same shi. Amai da gudawa ya ɓulla a sanar da mata su tafasa ruwa. Kwarin da ke cin gidajen mutane a garin nan duk damina, sai an yi ta maganarsa a rediyo kafin ka ga wani ya zo da mota ya duba. Gwamnatin da ba mai leƙa mata tukunya ta fi kowace cin amana. Duk na yarda da wannan, ba sai ka koya mini ba.

Innarka tsoronta daban. Ita kisa take tsoro. Ba ta san Dokar Soja ta 4 ta 1984 ba, wadda aka ɗaure 'yan jarida Tunde Thompson da Nduka Irabor shekara guda a kanta, ba ta kuma san ɗan jarida Dele Giwa da aka aika wa bam cikin ambulan a Legas a 1986 ba. Amma ta san ɗan jarida Bagauda Kaltho, ɗan Billiri, nan kusa da mu, wanda ya ɓace zamanin Abacha, daga baya hukuma ta fito ta ce wai shi ne ya mutu a fashewar bam a otal ɗin Durbar na Kaduna a 1996, maganar da abokan aikinsa ba su taɓa yarda da ita ba. Iyalinsa ko gawa ba su gani ba. Duk sallar dare sai ta ambace ka saboda wannan. Ni ma ina da zuciya, amma wannan na bar wa Allah, ajali ba ya wuce lokacinsa. In an taɓa ka a kan gaskiya zan yi kuka, zan kuma iya ɗaga kai a masallaci.

Abin da ke hana ni barci shi ne kada ɗana ya zama wanda zai yi wa wani abin da aka yi mini.

Kana goye a shekarar taki, abin da ka sani a bakin mata ka ji shi. Ban taɓa zaunar da kai na ba ka labarin ba, kuma yanzu ma ba duka zan faɗa ba. Wanda ya rubuta labarin nan bai taɓa ganin fuskata ba. Ofishinmu da inda yake shan shayi bai kai tafiyar minti goma ba, bai zo ba. An ba shi takarda a hannu, da abin da aka haɗa masa da shi, ya je ya buga cewa tirela biyu ta taki ta ɓace a hannun sitokifa, ga sunana. Da a ce ya tako ya tambaye ni, da na buɗe masa littafin sito ya ga kayan ko sauke su ba a yi a wurina ba, an karkatar da su tun a hanya da sa hannun waɗanda suka fi ni. Wata bakwai ina gida a kan rabin albashi. Ka san wanda ya fasa auren Goggonka a lokacin, ka kuma san dalilin da ya sa muka bar tsohon gida. Mai sunanka ya daina fita zaure. Mutumin da ya sa ni karanta wa dattawa jarida, a jarida aka karanta masa cewa ɗansa ɓarawo ne. Kwamiti ya zauna, odita ya duba, aka wanke ni tas, aka biya ni ragowar albashina. Na ɗauki takardar wankewar da kaina na kai wa wakilin jaridar. Bayan mako uku suka sa layi uku a can ƙasan shafin ciki, kusa da tallace-tallace. Shi kuwa tsohon bai kai ga ganin ko layi ukun ba. Har yau akwai tsofaffi a garin nan da in an ambace ni sai su ce, wane, na taki? Shekara ashirin da wani abu ke nan.

Shi ya sa ban raka ka tasha ba. Ban iya ba ne. Ka ce taurin kai ne in ka so.

Yanzu ka dubi abin da ka yi. Sitokifa shi ne na ƙarshe a layi, shi ne kuma mafi sauƙin kamawa, don sunansa ne a kan ƙofar sito. Amma ba ya fitar da ko kwalin farasitamol sai da takardar da na sama da shi ya sa wa hannu, ba ya kuma shigar da kaya a littafi sai da takardar da ta rako su daga babban sito. Ka nemi waɗannan takardun? Ka gwada abin da aka ce an aiko da abin da aka sauke? Ka tambayi wa ke da mabuɗi na biyu? Wanda ya kawo maka labarin, ka tambayi kanka me zai samu in aka cire mutumin nan daga kujerarsa? Wataƙila ya ci ɗin, ban ce bai ci ba, ban san shi ba. In ya ci, maganin marasa lafiya ya ci, a tona shi, ni zan fara sa maka albarka. Amma kai ma ba ka sani ba, Babana, kuma ka buga. Kai jiyau ne ka yi rubutun ganau. Ku da kuka yi karatun abin, an koya muku akwai dokar 'yancin samun bayanai tun 2011, wadda ta ba ma'aikata kwana bakwai ta amsa takardarka. Ko sun ƙi amsawa, ka rubuta cewa ka nema sun ƙi. Kwana bakwai ne ya yi maka yawa a kan mutuncin magidanci?

Za ka ce in kun jira wasu za su riga ku. Su riga ku mana! Wannan gaggawar ita ta lalata aikin. Da can sai labari ya kwana, edita ya gani, a kai maɗaba'a, mutum yana da daren da zai yi tunani. Yanzu kafin ka gama shan ruwa ya zaga Facebook da WhatsApp, kowa ya ƙara masa gishiri, gyaran da za ku yi gobe kuwa ba mai tura wa kowa. Magana zarar bunu ce tun ana faɗarta da baki, balle yanzu da take da fiffike. Kana ƙarami a 2002 lokacin da 'yan layuka a wata jaridar Legas kan gasar sarauniyar kyau suka jawo aka kashe mutum fiye da 200 a Kaduna. Wadda ta rubuta ba ta san nauyin abin da ta taɓa ba, waɗanda suka ɗauki makami kuma alhakin jinin yana wuyansu, amma da wani babba ya tsaya ya karanta da hankali kafin a buga, da ba a kai can ba.

Akwai kuma maganar da Kawunka ya yi ƙasa-ƙasa da zai tafi, wai ana cewa wani ɗan siyasa ne ke ɗaukar nauyin shafinku. Ban yarda ba, kuma ba zan yi maka abin da nake hana ka ba, sai na ji ta bakinka. Amma na san yadda abin yake. Na san gidajen jarida da yawa ba sa biyan albashi a kan kari, wasu sai su miƙa wa yaro katin shaida su ce ya je ya nemi na kansa. Na san in an gama taron manema labarai akwai ambulan da ake rabawa a ce kuɗin mota ne. Na zauna a ofis, na ga ana lissafa shi a cikin kuɗin taro tun kafin a buga takardar gayyata. Na san gidan da ke rayuwa da tallan gwamnati ba ya iya buɗe baki a kan gwamna, gidan gwamnati kuwa sai abin da aka ce ya faɗa. Daga kuɗin mota ake farawa, a koma na goro, a wayi gari mutum ya zama sojan baka mai ɗauke da katin jarida. Kowa ya ci ladan kuturu dole ya yi masa aski. In har kuɗin wani ne ya sa aka sa sunan bawan Allahn nan a layi na biyu, wallahi ban yafe a ci shi a gidana ba. Kada ka aiko wa Innarka ko sisi daga ciki. Fanshona ba ta da yawa, ba ta kuma zuwa a kan lokaci, amma da ita da gonar Kwami mun riƙe ku har kuka girma, za su riƙe mu.

Na yi zafi, na sani. Ka yi haƙuri da tsohonka. Ban manta ba kai ne yaron da ya dawo da canjin da mai shago ya yi kuskure ya ƙara masa, tun daga bakin kasuwa a ƙafa. Rahoton da ka yi bara kan 'yan makarantar da ke karatu a ƙasa ba rufi, na sa an fitar mini da shi a takarda, yana cikin akwatina tare da takardar wankewata. Ban gaya maka ba, na gaya wa duk wanda ya zauna a zaurena. A can ka je da ƙafarka, ka ƙirga azuzuwan, ka ji ta bakin hedimasta da sakataren ilimi. Ka iya aikin, shi ya sa wannan ya yi mini ciwo. Ayar nan ta shida a Suratul Hujurati da Malam ya biya muku kuna allo, wadda ta ce in an zo muku da labari ku bincika kada ku cuci mutane cikin jahilci ku wayi gari kuna nadama, ita nake so ka buɗe ka sake dubawa yau.

Ga abin da nake nema. Ka shiga mota ka je garin. Ka nemi mutumin a gidansa, ka yi sallama, ka faɗi sunanka, ka zauna ka saurare shi ko zai zage ka. Ka ce ya nuna maka littafinsa. In ya tabbata ya ci, ka rubuta da hujja. In bai ci ba, ka gyara a daidai wurin da ka ɓata, da manyan baƙaƙe irin na farko, da sunanka a sama, kada ka yi masa layi uku. In editanka ya ƙi, ka gaya mini, sai mu san abin da za ka yi da wannan aikin. Kuɗin motar na ba direban da zai kawo maka wasiƙar nan, suna cikin ambulan ɗin, nawa ne, na halak.

Innarka ta haɗo maka yaji da dambun nama, ta ce ka raba da abokan zamanka, kuma ka daina fita ba rigar sanyi. Auta tana gaishe ka, tana tuna maka alkawarin littattafanta. Allah Ya tsare ka, Ya yi maka albarka. In ka dawo daga wurin mutumin ka kira ni bayan isha'i, ko dare ya yi zan jira.

Ni ne mahaifinka.