Layi na biyu a tsinken gwajin ciki bayan haihuwa: sabon ciki ne ko ragowar na baya?

Assalamu alaikum Malama Likita,

Bayan gaisuwa gare ki da abokan aikinki na shirin lafiyar iyali, ina roƙon ki warware mini wani al'amari da nauyinsa ya hana ni tunkarar kowa da shi a gida.

Na haihu lafiya, kuma ban daɗe da yin arba'in ba. Jinin biƙi ya ɗauke mini da wuri, a daidai lokacin da maigidana ya dawo daga ci-rani a Abijan. Da na fara jin kasala da tashin zuciya, sai na sayi tsinken gwajin ciki a farmasi, na gwada da fitsarin farko na asuba. Layin farko ya fito ja sosai, na biyun kuwa dishi-dishi, har sai da na kai tsinken bakin taga kafin idona ya kama shi, amma dai ya fito cikin mintocin da takardar ta ƙayyade.

Wata ungozoma ta taɓa yi mana bayani wajen awo cewa abin da tsinken yake ganowa a fitsari shi ne sinadarin hCG, wanda mabiyiya ke samarwa, kuma ba ya gushewa ranar haihuwa. A hankali yake raguwa, galibi cikin makonni 2 zuwa 4, wani lokaci ya ɗan zarce haka, musamman idan wani ɓurɓushin mabiyiya ya maƙale a mahaifa. Wannan bayanin da ya kwantar mini da hankali, ba don ita ungozomar ta ƙara da cewa ƙwai yana iya sauka tun kafin al'ada ta dawo ba. Ta ce shayarwa tana kare mace da kashi 98 cikin 100 ne kawai idan jariri bai kai wata 6 ba, al'ada ba ta dawo ba, kuma nono zalla yake sha dare da rana. To, a zafin nan na garinmu Tawa, kakarsa ba ta yarda yaro ya wuni babu ruwa ba, ga bauri kuma kowace safiya. A ganina sharaɗi na uku ya riga ya karye.

Abin da ya fi damuna shi ne surukata. Da zarar ta ji kalmar kwanika za ta ce nono ya ɓaci, a raba shi da yaro nan take, alhali na ji ma'aikatan lafiya suna cewa mai lafiyayyen ciki tana iya ci gaba da shayarwa. Ba na son a hana jariri nono a kan layin da da ƙyar ake ganinsa.

Saboda haka, Malama, shin a wannan matakin ana iya dogara da tsinken? Idan na sake gwadawa bayan 'yan kwanaki na ga layin ya ƙara ja ko ya dushe, hakan ya isa hujja, ko lallai sai na je asibitin uwa da yaro an auna yawan hCG a jinina sau biyu, kwana 2 tsakani, an kuma yi hoton ciki? Idan kuma ragowar mabiyiya ce, ban da zazzaɓi da zubar jini da wari, wace alama ce za ta sa in tafi asibiti ba tare da jiran safiya ba?

Ina roƙon a sakaya sunana idan za a karanta wasiƙar.

Wassalam,
Wata mai shayarwa daga Tawa