Ku ba mu tarihin masu masaukin fatake a Salaga

Zuwa ga Edita,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa da fatan alheri, na saurari shirinku kan fataucin goro tsakanin ƙasar Hausa da Gwanja, kuma ya yi armashi. An ambaci madugai, an ambaci attajirai irin su Alhassan Ɗantata, amma ba a ce uffan ba game da mutumin da ayari ke sauke kaya a ƙofar gidansa, wato fatoma, wanda mu nan zango muke ce wa maigida. Wannan ne ya sa na ɗauki alƙalami.

Bafataken da ya taso daga Kano, ya ƙetare Kwara, ya ratsa Bargu, ya biyo ta Yandi, sai ya yi watanni kafin ya iso Salaga, babbar kasuwar Gwanja. Ga gajiya, ga jakuna sun rame, ga shi bai ji yaren Gwanja ba. Wa zai amince ya ba shi goro bashi? Maigida ne ke tarbarsa a zaure, ya ba shi ɗaki, ya nuna masa inda zai jibge kanwa da fata da turkuɗi, matan gida su ɗora tukunya. Ba a yanka wa baƙo kuɗin kwana. Ribar maigida tana cikin la'adar cinikin da dillalansa suka ƙulla. Shi ne tafinta, shi ne ma'aji, shi ke tsaya wa baƙo idan za a yi lamuni, kuma in wanda ya tsaya wa ya gudu, wuyansa za a riƙe. In baƙo ya kwanta ciwo shi ke jinya, in ta Allah ta kasance shi ke yin sutura, ya adana dukiyar har magada su zo.

Duk wanda ya taɓa ganin ana kwance huhu ya san goro ba ya son sakaci. A zazzage shi, a tsince mai sankara, a yayyafa ruwa, a sake shimfiɗa ganye a ɗaure. A tsakar gidajen nan ake wannan aiki kafin ayari ya juya.

Kada kuma a ɓoye mana ɗacin labarin. Salaga kasuwar bayi ce babba, kuma ciniki a hannun masu masauki yake bi, har da na 'yan Adam. In za a faɗi amanarsu, a faɗi wannan ma.

Bayan Turawan Ingila sun ci Kumasi a 1874, Salaga ta fita daga hannun Asante, Asantawa kuma suka toshe mata hanyar goro. Yaƙin basasar 1892 ya ƙarasa watsa garin. Masu gida suka kwashi iyalansu da sana'arsu suka nufi Kete-Krachi da Kintampo da Yeji, daga baya Kumasi da Akara. Da jirgin ƙasa ya isa Kano, goro ya koma bin teku ta Legas, amma tsarin bai mutu ba. A Sabo, unguwar Hausawa ta Ibadan da aka kafa a 1916, masu gida ne suka riƙe cinikin shanu da goro.

Roƙona, Malam Edita, ku tura wakilanku Salaga da Kete-Krachi da zangon Kumasi. Akwai tsofaffin da har yanzu za su nuna muku zauren kakansu, su lissafa wa ya gaji wa, da fataken wane gari ne ke sauka wurinsu. Gidajen ƙasa ne, kullum rushe su ake yi ana gina shaguna. Ku ɗauki muryoyinsu da hotunan gidajen, ku ware wa batun shiri guda cikakke.

Wassalam.

Naku mai sauraro,
daga zangon Kumasi, Ghana