Turmin da na kasa sa wa almakashi

Birni, Damagaram
Daren Lahadi

Aminiyata,

Assalamu alaikum wa rahmatullahi. Bayan gaisuwa mai yawa, ina fatan takardar nan ta same ki lafiya, ke da maigidan da yara. Yaya sanyin Monreyal? Mu ma nan ɗari ya sauko, hazo ya lulluɓe gari, da safe ko duwatsun Birni ba a gani sosai sai rana ta ɗaga. Inna tana nan da sauƙi, gwiwar ce dai ke tasar mata in sanyi ya kama. Duk ranar da na je gaishe ta sai ta ce, "'Yata ta Kanada ta kira?"

Kin yi mini ƙorafi cewa hotuna kawai na turo miki daga Lome, ban ba ki labari ba, ga shi har an yi wata huɗu. Da gaskiyarki. Labarin ne ya fi ƙarfin saƙon murya a salula, shi ya sa na bari sai da yara suka kwanta na zauna da alƙalami, kamar yadda muke yi da can. Kuma akwai abin da nake so a wurinki, amma sai kin ji mafarinsa tukuna.

Kin san autanmu ya daɗe yana aikin fiton kaya a tashar jiragen ruwan Lome, kuma tun haihuwar ɗansu na biyu yake cewa in zo. Da aka yi babban hutu Malam ya ce in shirya in je, shi zai riƙe gida. Hanyar Yamai kin san ta, kilomita wajen 900, Tasawa, Maraɗi, Ƙonni, Dogon Dutsi, Dosso, mun tashi da asuba ba mu sauka ba sai dare. Daga nan jirgi. Ba zan ɓata miki takarda a kan wannan ba.

Abin da ya fara tarbata da aka buɗe ƙofar jirgi shi ne iska. Iska ce mai nauyi, mai laima, kamar an jiƙa mayafi an yafa miki a fuska. Watan Agusta ne, su a wurinsu lokacin sanyi-sanyi ke nan, tsakanin damina biyu, domin can sau biyu ake damina a shekara. Sararin sama a lumshe yake yawancin kwanakin da na yi. Na wanke zane da safe na shanya, har magariba da ɗanyensa. Na tuna yadda a gida kafin ki gama shanya na ƙarshe na farko ya bushe ƙamas.

Kashegari da la'asar ƙanena ya kai ni bakin teku. Aminiya, ke kin ƙetare shi ta sama, kin saba, amma ni da na tashi ina ganin ana bin layi da jarkoki a bakin famfo, ana jiran 'yan garuwa tun kafin gari ya waye, sai ga ni tsaye gaban ruwan da ba shi da gaɓa ta biyu. Ƙafafuna suka ƙi matsawa. Ƙararsa ce ta fi ba ni tsoro, ba ta tsayawa ko na daƙiƙa ɗaya, igiyar ruwa ta taso ta fi tsawon mutum ta faɗi, wata ta biyo. An gargaɗe ni kada in shiga, wai tekun wajen yana da ja, ko 'yan gari ba sa wasa da shi. Na tsaya inda kumfa ke ƙarewa. Ya zo ya shafi sawuna, da zai koma sai na ji yashi yana zamewa a ƙarƙashin diddigena. Na ce Subhanallahi, na fi sau goma ina maimaitawa. Na ɗiba da tafi na ɗanɗana, gishiri ne har da ɗaci. Hawaye suka zo mini, domin Baba na tuna, Allah Ya jiƙansa, shi da ya yi rayuwarsa yana auna girgije da ido don gonarsa ta hanyar Mirya, bai taɓa ganin wannan ba.

Can gefe masunta na jan koma. Sun fi mutum talatin a jere kan igiya ɗaya, suna waƙa suna ja da baya taku-taku, mata na zaune da manyan kwanoni suna jiran kifi. Mun fi awa ɗaya muna kallo komar ba ta iso tudu ba. Wata yarinya ta sare mini kan ɗanyar kwakwa da adda, sara uku, ta miƙo. Ashe kwakwar da muke saya a kasuwar Dole tsohuwa ce. Ɗanyar ruwa ne cike, naman kuma laushi gare shi, da ɓallin ɓawonta ake kankarowa a sha.

Ban yi baƙunta yadda na zata ba. Kuɗinsu sefa ne irin namu, kabu-kabu ko'ina, su zemijan suke ce masa, kuma Hausa tana nan a Zango da cikin kasuwa, har na ji wani mai tsire yana magana da harshen Kurfai sak. Miyar da suke ji da ita, ademe, da na leƙa tukunya sai na ga lalo ne. Sun dai sa masa kifi da kaguwa da manja. Mun yi kwana biyu a Palime, wajen kilomita 120 arewa maso yamma da Lome, kusa da Dutsen Agu wanda ya fi kowane tsawo a ƙasar, mita 986. Nan na ga kore iri-iri har ido ya gaji. Na ga koko a jikin itacensa, kuma ba a reshe kaɗai yake fitowa ba, a jikin kututturen yake manne. Aka fasa mini ɗaya, 'ya'yan na lulluɓe da farin abu mai zaƙi da ɗan tsami, ana tsotsa a tofar. Na ga masaƙa suna saƙar ƙwarya siririya, ƙoshiya na kai da kawowa, daidai irin ta masaƙanmu, zaren ne kawai ya fi namu launi.

To, yanzu in zo kan abin da ya sa ni zaman rubutun nan.

Kina tuna shekarar da wani tela ya ɓata mini shaddar Sallah? Na kai tun farkon azumi, ban karɓa ba sai daren jajibiri, wuya a karkace, hannu ɗaya ya fi ɗaya. Ranar na yi kuka, domin kuɗin wata biyu na tara na saye ta. Bayan Sallah na je ɗakin Inna na jawo tsohon kekenta Singer na ƙafa daga bayan gado. Wani mai gyara ya wanke shi da kananzir, ya sa masa sabuwar igiyar fata, ya tashi kamar jiya aka ajiye shi. Tun daga nan nake ɗinki a gida, da kayan makarantar yara na fara, da zanen gado, da kalmasa bakin mayafi. Na fi son na ƙafa saboda ko an ɗauke wuta ba ruwana, in kunna fitila in ci gaba. In na dawo daga aji kaina ya cika da hayaniyar yara, ƙarar keken nan ce ke kwantar mini da rai. Amma hannun riga ya daɗe yana gagarata. Duk wanda na haɗa sai ya tattare a hammata, ko ya ƙi ɗaguwa.

A layin gidan ƙanena akwai wata mai ɗinki, dattijuwa, da 'yan koyo shida cikin riguna iri ɗaya. Can koyon ɗinki tsari gare shi, yarinya takan yi kamar shekara uku a hannun uwar ɗakinta, in ta gama a yi bikin yaye ta a ba ta takarda. Sababbin ba a ba su yadi. Takardar buhun siminti suke yankawa su ɗinka har hannunsu ya faɗa. Na yi kwana uku ina wucewa ina leƙe, rana ta huɗu ta yafito ni. Ba ta jin Hausa, ni ba na jin Mina, muka haɗu a Faransanci. Na faɗa mata damuwata. Ba ta ce komai ba, ta ɗauko takardar siminti ta shimfiɗa, ta zana kan hannu da alli, sannan ta kama yatsana ta bi da shi kan layin. Gefen gaba ya fi shiga ciki, gefen baya ya fi cika. Ni kuwa duk shekarun nan ninka yadi nake yi in yanke gaba da baya daidai wa daida. Ta tsaya ta miƙa hannuwanta gaba kamar mai ɗaukar tulu, ta nuna mini yadda bayan kafaɗa ke buɗewa, ta ce nan ne riga ke neman wuri. Ta kuma ce in riƙa yin ɗan tsage a tsakiyar kan hannun in haɗa shi da ɗinkin kafaɗa kafin in hau keke. Takardar nan na ninke ta cikin akwati na zo da ita, tana rataye a ƙusa bisa kekena. Riga bakwai na haɗa wa hannu tun dawowata, ko ɗaya ban farke ba.

Kafin in tafi na lura kowace yamma sai 'yan koyon sun shafe kekuna da mai sun rufe. Ta ce iskar teku gishiri gare ta, in aka yi sakaci mako ɗaya tsatsa ta ci. Na ce mu ƙura ce abokiyar gabarmu, yanzu haka kullum sai na buɗe wurin kwarkwaro na share da gashin kaza.

Ita ce ta haɗa ni da ɗiyarta ta raka ni babbar kasuwa, Asigame. Tun gobarar Janairun 2013 da ta cinye babban ginin, masu atamfa suka bazu cikin shaguna da layukan kewaye, amma har yanzu in kin shiga sai kin rasa inda za ki sa ido. Nan ne gidan matan da ake kira Nana Benz, waɗanda suka riƙe cinikin atamfar Holan a shekarun 1970 da 1980 har suka riƙa hawan Marsandi, daga nan sunan ya samo asali. Yawancinsu ba su yi boko mai zurfi ba, amma su ke zaɓen zane, kamfanin Vlisco da ke garin Helmond na Holan tun 1846 ya buga musu, su raba wa 'yan kasuwar ƙasashen kewaye. Na yi ta tunanin atamfofin da ke jibge cikin adakar iyayenmu, ban da na Sonitextil, masaƙarmu ta Nijar, nawa ne suka bi ta hannun matan nan kafin su iso Damagaram. Yanzu 'ya'yansu da jikoki ke zaune a shagunan, kuma 'yar Sin mai araha ta cika kasuwa. Wadda na saya a wurinta ta juya mini yadin ciki da bai, ta ce in duba, ta gaske launinta ɗaya ne fuska biyu.

Kuma kowane zane da sunansa. Akwai "idon kishiyata", akwai "mijina ya isa". Ta jawo wani mai shuɗi da ruwan ɗorawa: keji ne a buɗe, tsuntsu ɗaya ya fita yana tashi, ɗayan yana bakin ƙofa. Ta ce sunansa "in ka fita, in fita", habaici ne mata ke yi wa mazan da ba sa zaman gida. Ɗiyar mai ɗinki tana dariya, ni kuwa hankalina ya tafi wani wuri. Ranar da muka raka ki tasha na gani, kina leƙowa ta tagar mota, ni ina tsaye da goyo. Ban taya sau biyu ba, na biya.

Turmi uku na sayo. Biyu na ɗinke su tuni, ɗaya na Inna, ɗaya na raba wa 'yan matana, ƙyallayen da suka rage kuma ina harhaɗa su murabba'i-murabba'i zan yi wa autan 'ya'yana abin rufa. Na ukun, mai tsuntsayen, yana cikin akwati. Sau uku ina shimfiɗa shi a tabarma, in goge, in ɗauko alli da almakashi, sai in mayar. In na buɗe shi har yanzu ƙanshin shagon nan yake yi. Sai makon jiya na gane abin da ya hana ni: ba nawa ne ni kaɗai ba. Yadi shida ne, uku naki uku nawa, doguwar riga kowa, mu yi anko kamar na Sallar da muka tsaya a ƙofar fada muna kallon hawa, mu biyu cikin atamfa ɗaya da Inna ta ɗinka mana a wannan keken.

Don haka ki aiko mini da awonki, a santimita. Kada ki ce in duba tsohuwar rigarki da ke wurina, shekara tara ba kwana tara ba ce. Ki sa babbar ɗiyarki ta auna ki kina tsaye sosai: faɗin kafaɗa daga ƙashi zuwa ƙashi ta baya, zagayen ƙirji, ƙugu, kwatangwalo, zagayen dantse, tsawon hannu, da tsawon riga daga kafaɗa zuwa idon sawu. Kada ta matse abin awon, ta bar wurin yatsa biyu. Ki faɗa mini kuma irin wuyan da kike so. Ni dai na yi niyyar yi miki dogon hannu da shafi a ciki saboda sanyinku, kuma zan daidaita yankan yadda tsuntsun da ya tashi zai faɗo a gaban rigar, kada ɗinki ya raba shi biyu. Aljihu zan sa miki guda biyu, na san halinki da makullai.

Ƙanen maigidanki ya ce yana sa ran tafiya wajenku bayan azumi. In awon ya iso cikin makon nan zan gama da wuri in aika Yamai, tare da kilishi da alkaki da Inna ta ce lalle a sa miki, in dai za a bari a shiga da su.

Malam yana gaishe ku, yara suna gaida mamansu ta Kanada. Ki gaida maigidan da kyau, ki shafa mini kan 'yan biyu. Allah Ya sada mu da alheri.

Taki har kullum,
Aminiyarki ta Birni