Roƙon Tallafi: Mu Shirya Yaranmu Kafin Su Je Kallon Wasan Kwaikwayo

Assalamu alaikum iyayen yara, tsofaffin ɗalibai da duk masu yi wa makarantarmu fatan alheri.

Kwamitin iyaye da malamai ne ke miƙo ƙoƙon bararsa gare ku. Muna da niyyar kai ɗalibanmu na ajin adabi su kalli wasan kwaikwayo a kan dandamali a makon 27 ga Maris, ranar da duniya ke bikin wasan kwaikwayo tun 1962. Da yawansu ba su taɓa ganin ɗan wasa ido da ido ba, sai dai a talabijin ko a waya.

Mun taɓa kai wani aji haka kawai, ba shiri. Kafin a kai rabin wasan wasu sun fara gyangyaɗi, wasu na hira, aka dawo ba wanda ya iya faɗin abin da ya haɗa jarumin da ɗan'uwansa rigima. Laifin ba na yaran ba ne, mu ne ba mu ba su mabuɗin ba. A dandamali ba a tsayar da wasa a koma baya kamar a waya. Maganar da ta wuce ta wuce.

Shi ya sa a wannan karon aikin zai fara daga aji. Yara za su karanta wasan da murya, kowa ya riƙe bakin mutum guda. Za su tashi rukuni-rukuni su tsaya cak kamar hoto, su nuna wata fitowa da jikinsu kaɗai, sauran su faɗi abin da suka gani: wa ke da iko a nan, wa aka wulaƙanta? Sannan a zaunar da ɗaya a kujera a matsayin mugun cikin labarin, 'yan aji su yi masa ruwan tambayoyi, shi kuma ya kare kansa. Wannan ne ya fi burge mu, domin a nan ne yarinyar da ba a taɓa jin muryarta ba take buɗe baki. Malami ma yakan shiga wasan a matsayin ɗaya daga cikin mutanen labarin, dabarar da malamar nan ta Ingila, Dorothy Heathcote, ta shahara da ita. Yaron da ya taɓa tsayawa gaban abokansa yana rawar murya ba sai an ce masa ya yi shiru ba idan wani ya hau dandamali.

Abin da ya gagare mu shi ne kwafin wasan da zai ishi kowa, ladan ƙwararren ɗan wasa da zai zo ya horar da malamai, kuɗin mota da na tikiti. Akwai gidajen da ba za su iya biya ba, mu kuma mun ɗaura aniyar ba za mu bar yaro ko ɗaya a baya ba.

Wanda ba shi da kuɗi, tsofaffin tufafi, yadi, huluna ko kwali duk suna da amfani. Mai mota ko mai lokacin rakiya ma muna maraba da shi. A miƙa gudummawa ga ma'ajin kwamiti a ofishin makaranta, a karɓi rasit. Za mu karanta lissafin abin da aka tara da yadda aka kashe shi a taron iyaye na gaba.

Allah Ya saka da alheri, Ya raya mana zuri'a.

Kwamitin Iyaye da Malamai