Zuwa ga Auta, kan maganar bes

Assalamu alaikum Auta,

Ina fatan kana lafiya, da Inna da jikin nata, da Yaya da yaranta. Ka gaida Kawu. Ni nan alhamdu lillahi, sanyi ne kawai, shi ma ya fara ja da baya.

Labari ya iso ni, kuma bai yi mini daɗi ba. Wai ka je wurin Inna ka ce ta ara maka jaka 120 daga kuɗin rufin ɗaki, za ka sayi wata jar bes, gitar nan mai kaurin murya, mai tsirkiya biyar da wani ya kawo daga Kano. Kada ka tsaya binciken wanda ya faɗa mini, ka san Damagaram, magana ba ta kwana. Kuɗin kwano na kwano ne. Damina ba za ta jira ka gama buga biki ba, kuma ka fi ni sanin yadda ɗakin nan ya yi yoyo bara, ku ne kuka kwana kuna jera robobi. Ko dala kada ta fita daga ciki.

Na ga hoton gitar, an turo mini. Kyan ɗan maciji gare ta, Auta. Babu sunan kamfani a kanta sai wani zanen zinariya, kuma na hangi ƙaramin murfin batir a bayanta. Wannan kaɗai ya ishe ni. Irin waɗannan da batir ɗin nan mai kusurwa huɗu suke aiki, mai bolt 9, kuma muddin waya na cikin raminta cin batir take ko ba ka buga ta. Ka duba, ana tsakiyar biki, amarya ta fito, sauti ya fara shaƙewa, ina za ka samo batir mai kyau ƙarfe goma sha ɗaya na dare? Tsirkiya ta biyar kuma, wannan mai kaurin, in gita ta araha ce lakwab take yi, kuma ƙaramin amplin ku, akwatin ƙara sautin nan, ba zai iya ɗaukar ta ba, sai dai ku ji lasifika na kakari. Me kuke bugawa da huɗu ba ta isa ba? Takamba ce, ko kiɗan Buzaye, ko na Kwango, ko rege?

To saurara. Na riga na saya maka. Ban so in faɗa ba sai ta iso, kai ka sa na yi magana.

Litinin ce ranar hutuna. Mako uku ina yawo a kan abin nan. Na fara da titin Douai, kusa da Pigalle a nan Paris, inda kantunan gita suke a jere kamar rumfunan 'yan atamfa a kasuwar Dole. Akwai wadda na ga kuɗinta na ja da baya a hankali don kada rigata ta goge ta. Wani ɗan Kwango da muke aiki tare ne ya raka ni, shi ke buga bes a cocinsu ranar Lahadi, hannunsa ya san abin. Shi ya yi mini bayanin da yanzu zan yi maka, don kada ka ce Yaya mai wankin kwanoni me ya sani.

Ya ce asalin abin iri biyu ne, duka na kamfanin Fender. Akwai Precision da ta fito a 1951, akwai Jazz da ta biyo baya a 1960. Bambancin yana ga mikro, wato baƙaƙen maganaɗisun nan da ke ƙarƙashin tsirkiya. Na Precision rabe yake gida biyu, muryarsa mai kauri ce, tana zama ƙarƙashin ganga daram. Na Jazz siriri ne dogo, muryarsa na fita tar, irin wadda 'yan Kwango ke so in suna gudu a kan wuyan gita. Wanda ba shi da kuɗin gita biyu sai ya nemi mai ɗauke da mikro ɗin nan duka biyu, su suna ce mata PJ. Ka murɗa wannan ka samu kauri, ka murɗa wancan ka samu kaifi, ko ka haɗa su. Squier na yin irinta, Yamaha na yi, Ibanez na yi. Na ɗauki Ibanez ɗin, wuyanta siriri ne, da daɗin riƙo, amma wadda na gani ita ma da batir, sai na ajiye. Sabuwar Yamaha a kanti wajen yuro 250 suka ce, ka lissafa da kanka, yuro ɗaya sefa 656 ne, ya kama jaka 164. Na yi godiya na fito.

A shafin intanet na Leboncoin na same ta, inda mutanen nan ke sa kayansu na hannu. Yamaha TRBX174, baƙa, tsirkiya huɗu, ba ruwanta da batir. Wani dattijo ne a Créteil, ya saya wa ɗansa, yaron ya buga wata biyu ya jingine ta bayan kabad. Muka shiga jirgin ƙarƙashin ƙasa layi na 8 har can. Abokin nawa bai ma fara bugawa ba sai da ya ɗaga ta kamar mai saita bindiga, ya rufe ido ɗaya ya bi wuyan da kallo tun daga sama har ƙasa, ko ya karkace. Ya bi gaɓoɓin ƙarfen nan ɗaya bayan ɗaya, duka 24, yana danna tsirkiya yana sauraren ko za ta yi zizza. Ya murɗa maɓallan uku a hankali ko za su yi ƙaraf-ƙaraf. Ya girgiza waya a bakin ramin. Daga ƙarshe ya sa ɗan makulli a ƙarfen da ke cikin wuya, ya ga yana juyawa, sannan ya kalle ni ya gyaɗa kai. Ya ce in wannan ƙarfen ya ƙage, ko kyauta aka ba ka kada ka karɓa. Akwai ɗan ƙwarzane a gefe, wurin da gwiwar hannu ke zama, da shi na samu abin ciniki. Dattijon ya ce 160, na ce 130, muka tsaya a 140, da gidanta mai soso. Jaka 92 ke nan ba kaɗan. Har shayi ya ba mu.

Tana nan ƙarƙashin gadona. Mu huɗu ne a ɗakin, ba wurin jingine ta, amma yaran kirki ne, ba mai taɓawa. Wani lokaci in na dawo aiki da dare nakan jawo ta in ɗora a cinya ba tare da ampli ba, in ɗan taɓa a hankali. Yatsun sun ƙi. Ruwan zafi da sabulu sun farfasa su, ba wani abin damuwa ba ne, akwai man da nake shafawa. Kada ka faɗa wa Inna.

Ban manta ba, Auta. Taka ce na sayar, da amplin duka, na yi kuɗin mota zuwa Agadas. Kabu-kabu ka yi shekara guda ka tara kuɗinta. Ka dawo ka tarar da ƙusa a bango babu komai, kuma har yau ba ka taɓa buɗe baki ka tambaye ni ba. Da ka zage ni da ya fi mini sauƙi. Wannan ba kyauta ba ce, bashi ne nake biya, kuma saura amplin.

Amma wannan bai ba ka hanyar zuwa wurin Inna da maganar rance ba. Tsohuwa mai hawan jini, ka je ka tsaya mata a ka don gita? Haba.

Alhajin unguwarmu zai taho da ita kafin babbar salla. Tunda Air France ta daina zuwa Yamai a 2023, ta Kasablanka zai bi, don haka na naɗe ta da bargo da tsofaffin rigunana a cikin gidan. Kai za ka je Yamai ka karɓa da hannunka, kada ka bari a ɗora ta saman bas a ɗaure da igiya. Na sa sababbin tsirkiyoyi saiti ɗaya a aljihun gaba, kusan jaka 16 suka ci, don haka kada ka sa su sai na kanta sun mutu. In sun dushe ma ka fara tafasa su a ruwa kamar yadda muke yi da, za su ƙara kai ka wata ɗaya ko biyu. Da hunturu itacen zai bushe ya ɗan tsuke, za ka ji bakin ƙarafan na karce maka hannu, ba lalacewa ta yi ba. Kada ka bar ta a rana, kada ka jingine ta a ɗakin kwano da azahar. In kuna kan janareto ka ji tana gunji, rage mikro na baya, siririn, ka bar mai rabe biyun, shi ba ya ɗaukar wannan ƙarar. Kuma kada ka cusa ta a amplin gitar solo, za ka yaga musu lasifika su ce ka biya. Aro kuwa babu. Ko waye.

Na turo yuro 300 ta hannun Kawu, zai kama jaka 196 da 'yan kai. Jaka 100 a ƙara a kuɗin kwano. 50 maganin Inna na wata biyu, a saya gaba ɗaya, ba rabi ba. 30 gero. Ragowar naka ne, kuɗin motar Yamai, ba na shayi ba. Wancan wata ban turo da yawa ba saboda gitar ce, ka gaya wa Yaya ta daina tunanin wai aure na yi a nan.

Mai jar bes ɗin ka ce masa ka fasa. In ka riga ka ba shi wani abu na kafin alƙalami, faɗa mini nawa ne, ba zan yi faɗa ba. In an fara aikin rufin ka ɗauko mini hoto, ina so in ga kwanon da idona, da fuskar Inna a tsakar gida in ta yarda.

Yayanka