Dogo, Wace Jif Ce Za Ta Hau Kibo Ta Dawo?

Gwarinpa, Abuja.

Dogo,

Assalamu alaikum. Ina fatan kana lafiya, kai da Maman Ilham da yara. Yaya sanyin Manchester? Allah ya ƙara, tunda kai ka kai kanka. Na san abin da za ka fara faɗa: sai da buƙata ta taso na tuna da kai. To faɗi. Bawa dai ba ya tuhumar ubangidansa, kuma Babarbare bawan Bafulatani ne har gobe, ko da fasfon Ingila ne a aljihunsa.

Albishirinka. Kuɗin aikin nan da na yi ta bi har takalmina ya siɗe, sun fito. Alhamdu lillahi. Kada Gambo ya ji daga bakinka, ka san hali, kafin la'asar zai iso da sabuwar dabarar kiwon kifi. Na biya basussuka, na ware na makarantar yara, na ware na Umrar Hajiya, sai maganar mota ta taso. Ita ce kuwa ta hana ni sukuni.

Tsohuwar jif ɗin da ka sani tana nan, sai dai shan mai kamar an aiko ta. Kai ba ka nan aka cire tallafi a watan Mayun 2023, labari ka ji. Litar da muke saye ƙasa da naira 200, kafin ƙarshen 2024 ta haura 1,000 a nan Abuja. Tun lokacin Abba ke damuna da bidiyoyin motocin lantarki, uwarsa kuma tana taya shi. Yanzu da kuɗi suka shigo, gidan ya zama majalisa. 

Sharaɗin farko kujera bakwai. Ni, uwargida, yara huɗu, sai Hajiya in ta zo ganin likita. Nan take BMW iX ta faɗi, duk kyanta kujera biyar gare ta. Abba ya so Tesla Model X saboda ƙofofin bayan nan masu buɗewa sama. Na ce masa ka hango mu a Terminus ranar jajiberin Salla, ƙofa ta ɗaga, Hajiya tana ƙoƙarin sauka, rabin Jos sun taru suna ɗaukar hoto. Ban da haka kamfanin ba shi da ofis a ƙasar nan, in injin ƙofar ya ƙi, sai dai mu yi ta kallon juna.

Uwargida ta kafe a kan Mercedes EQS SUV. Na shiga ɗaya a wurin wani dillali a hanyar Kubwa, kuma ba zan yi maka ƙarya ba, abin ya kai. Gaban motar daga ciki allon gilashi ne daga wannan ƙofa zuwa waccan, kujerar tana rungumar mutum, kuma da ya tayar da ita sai da na tambaye shi ko ta tashi. Amma na zagaya na shiga kujerun can baya, gwiwata ta tokare, wurin na yara ne ƙanana, Abba kuwa ya kusa kamo ni tsawo. Kuɗinta a can Amurka, inda ake ƙera ta a Alabama, ya haura dala 100,000 a 2024, tun kafin jirgin ruwa da kwastan su karɓi nasu. Ka buga wannan da dalar da ta tashi daga wajen naira 460 ta wuce 1,500 a 2024, ka ga ko ba za ka nemi ruwan sanyi ba. An dai cire wa motocin lantarki harajin VAT a 2024, to, an rage wani abu.

Ni zuciyata tana kan Kia EV9. Kujera bakwai na gaske, babba ma zai zauna a baya ya miƙe wuya. Batirin babbar yana ɗaukar yunit 99.8, irin yunit ɗin da muke saye a mita, kuma ita ta ci kyautar motar shekara ta duniya a 2024. Tana ma da soket da za ka jona firji da fanka in an ɗauke wuta, wannan kaɗai ya isa ya sayar da ita a Najeriya. Da na faɗa wa uwargida sai ta ajiye ludayi ta ce, "Duk miliyoyin nan a Kia? Me zan ce wa matan unguwa?" Na ce ki ce musu kin iso lafiya. Kwana ta yi ba ta kula ni ba. Akwai Volvo EX90, ita ma bakwai, akwai BYD Tang ta China wadda irin batirinta ya fi jure zafi da cikawa fal kullum, kuma ka san Abuja a watan Maris, ƙarfe ma gumi yake. Amma in Kia ta jawo mini gaba ta kwana ɗaya, ban san abin da ta China za ta jawo ba.

Duk wannan surutu ne. Abin da ya tsaya mini a rai hanyar gida ce.

Daga ƙofata zuwa ƙofar Hajiya, ta Keffi da Akwanga, kilomita ce ta doshi 300. A takarda EV9 tana yin sama da 500 da caji ɗaya. To amma wannan gwajin Turai ne, ba mutum bakwai, ba buhun shinkafa da jarkar manja a but, ba esi a ƙure tun daga Nyanya. In ka ɗora waɗannan ka kuma taka ta a buɗaɗɗen titi, cire kashi ɗaya cikin huɗu, ko ma cikin uku. Sannan ga hawa. Abuja ba ta kai mita 500 daga teku ba, Jos kuwa ta haura 1,200. Motar kanta ta fi tan biyu da rabi, da mu da kaya ta wuce uku. Na zauna da biro na buga, ɗaga wannan nauyi zuwa saman dutse kaɗai zai ci yunit bakwai zuwa takwas, kuma kaso mai tsoka a Hawan Kibo zai tafi, daidai lokacin da batir ya riga ya yi ƙasa. Ka tuna yadda tireloli ke rarrafe a wurin, wata ta mutu a tsakiyar hawa an tokare tayoyinta da duwatsu? Ka ƙaddara ni ne a bayanta, allo yana nuna saura kashi ashirin, yara suna cewa a ƙara esi.

Za mu isa, in sha Allahu, lissafi ya nuna haka. Dawowa ce maganar. Soket ɗin falon Hajiya abin da zai iya bayarwa bai wuce yunit biyu da ɗoriya a awa ba. Ina buƙatar wajen tamanin. Kusan awa arba'in ke nan ana wuta ba ƙyaftawa, a Gangare! Dariya kake, na sani. In na kafa caja mai kilowat bakwai, awa goma sha biyu ta isa, amma wayoyin gidan tun na zamanin marigayi Baba ne, sai an sake su gaba ɗaya. Kuma ranar da taransifomar unguwa ta yi tari, ko da babu ruwana, ka san abin da za a ce a masallaci: ɗan Hajiya ya zo da motarsa ta shanye wutar mutane. Gambo ya ce in sa janareto. Litar dizal ɗaya yunit uku take bayarwa, ko da ɗan ɗori. Wato in ƙona lita ashirin da wani abu ina cika wa maƙwabta kunne dare guda, don in ce ba na sayen mai. Tsugune ba ta ƙare ba ke nan, an sayar da kare an sayi biri. Abin da ya ɗan sanyaya mini rai shi ne gangarowa: in kana saukowa Kibo motar da kanta take mayar da wuta cikin batir maimakon cin birki, don haka dawowa ba ta kai zuwa ci ba.

Af, tunda na ambaci Gambo. Zai ƙara aure bayan Salla. Kada ka tambaye ni da me. Yarinyar 'yar Bukuru ce, malamar asibiti, kuma uwargidansa ta ce ta amince da sharaɗin a sake mata kujeru a kuma biya mata Hajji. Ya zo nan yana ba ni labari yana share gumi. An sa ni cikin masu karɓar aure, kai kuma an rubuta maka buhun goro da alawa, na ce ka amince. Shugaban ajinmu kuma ya fito takarar kansila, hotonsa har a jikin bishiyar mangwaron makarantarmu, an goge masa fuska ya koma ɗan shekara talatin.

Ina muka tsaya? Cikin gari. A nan kam babu gardama, lantarki ta yi wa fetur fintinkau. Layin wutarmu Band A ne, rukunin da aka fi ba wuta, wanda aka ɗaga kuɗin yunit ɗinsa daga wajen naira 68 zuwa 225 a Afrilun 2024, daga baya aka ɗan sassauta zuwa 200 da 'yan kai. Mun yi kuka a lokacin, amma duk da haka buga ka gani. Motar za ta ci yunit 24 ko kusa da haka a kilomita ɗari, wajen naira 5,000 ke nan. Jif ɗina tana shan lita 14 a wannan tazara, ninki biyu da rabi ko fiye. Babu juyen baƙin mai, babu fulogi, babu salansa. Zirga-zirgata ta yini, makaranta, ofis, kasuwar Wuse, ba ta wuce yunit goma sha biyu, solar da ke kan rufina in na ƙara mata faranti za ta ɗauke wannan. Sai dai lokacin da rana ke dukan rufin, motar tana ofis. Komai da nasa.

Maganarka ta cewa ka sayo mini a can ka turo, ajiye ta. Shekarun nan sun sa ka manta sitiyarinku a dama yake, mu kuwa tun 1972 muka koma tuƙi ta hannun dama, mota mai sitiyari a dama ba ta da izinin hawa titinmu. In za ka taimaka, Jamus ko Holan za ka leƙa mini. Dalili kuwa bakin caji. Na Amurka daban, na Turai daban, na China daban. Na sa dillalin nan ya buɗe murfin, na durƙusa ina ƙirga ramukan, na ce wannan wane iri ne? Ya ce, "Alhaji, ai duk wuta ce." Mutumin da ke neman miliyoyina ke nan. Wutarmu irin ta Turai ce, saboda haka ta Turai nake so, in huta da neman mahaɗi.

'Yan gwanjon Amurka kuwa ko kyauta ba na so. Bayan guguwar Ian ta 2022 a Florida, motocin lantarkin da ruwan teku ya shanye sun riƙa kamawa da wuta daga baya, saboda gishirin da ya shiga batir. Irin waɗannan ake wankewa a goge a loda a kwantena. Motar fetur in ta sha ruwa, bakanike zai gane daga wari da laka. Wannan kuwa cikin sanƙararren akwati abin yake, a ƙarƙashin kujerar da 'ya'yanka ke zaune. Garantin shekara bakwai ko takwas da ake ba batir ma ba lallai ya biyo motar da ka shigo da ita da kanka ba.

Na je Apo wurin bakaniken nan namu. Ya saurare ni yana goge hannu da tsumma, ya ce shi duk abin da babu lagireto da bel a gaba bai san ta inda zai fara yi masa magana ba. Na ce gara haka, wutar cikinta ta kai ɗaruruwan bolt, ba wurin gwaji da sukundireba ba ne. Amma ya kawo abin da ban raina ba: taya. Nauyin yana cin taya da wuri, manyan inci 21 ne, yawancinsu kuma ba sa zuwa da safaya, sai 'yar robar gam da famfo. In rami ya tsaga maka gefen taya bayan Akwanga, wane mai faci ne zai fitar da kai? Yaya kuma nasa ɗaya ne: sayi Land Cruiser ka yi barci, bayan shekara biyar ka sayar da ita da daraja, wannan kuwa wa zai saya hannu na biyu? Ban da amsar da zan ba shi. Na dai tuna masa cewa ɗan Sakkwato, Jelani Aliyu, shi ya zana Chevrolet Volt, kuma a zamaninsa a hukumar motoci aka fito da Hyundai Kona ta lantarki da aka haɗa a Legas a 2020, aka kuma kafa wurin caji mai sola a Jami'ar Ɗanfodiyo. Ya ce to in je Sakkwato in yi caji.

Abba ya gano wata ta China, Li Auto L9, wadda ke tafiya da lantarki amma tana ɗauke da ƙaramin injin fetur da ke yi mata caji a hanya. Mota mai yawo da janaretonta! Na ce wanda ya ƙera wannan ya taɓa zama a Najeriya. Sai dai kujera shida ce, ba don haka ba da ta raba gardama.

Inda na karkata yanzu: EV9 ta Turai, a kafa caja a nan gida, tsohuwar jif kuma ba za a sayar ba, ita za ta riƙa kai mu Jos da Kano har ranar da na gyara wayoyin Hajiya. Abin da ke ci mini rai, na tashi sayen motar iyali, ga shi zan ƙare da motar da ba za ta je gaida uwata ba sai an yi shiri kamar na Hajji. Uwargida ta ce in haka ne a sayi Marsandin kawai tunda duk a gari za ta zauna. Ka ga inda ta ɓullo.

Ka sa Maman Ilham ta kira ta, tana jin maganarta. Hajiya tana gaishe ka, gwiwar ce dai har yanzu, ta ce abin ɗaurin da ka aiko ya yi mata kaɗan, a nemo babba. Dankali ya yi tsada a Farin Gada, don haka kada ka sa rai da tsaraba ta hannun kowa. Kuɗin goron Gambo kuma kafin ƙarshen wata, ta asusuna, ba nasa ba.

Ka shafa mini kan yara.

Ubangidanka,
Baban Abba