Wulaƙancin da masoya ƙwallo ke yi wa juna

Edita, assalamu alaikum.

Ni ne ke kula da wani dandalin WhatsApp na magoya bayan Arsenal a nan Zariya. Kwanaki wani ƙanenmu, tela ne, ya faɗi ra'ayinsa cewa wani ɗan wasanmu bai taka rawar gani ba. Iyakar laifinsa ke nan. Kafin la'asar an ɗauki hoton maganar an kai Facebook, aka haɗa da hoton shagonsa, wasu har da zagin mahaifiyarsa. Da na je wurinsa na tarar wayarsa a kife kan keken ɗinki, tana ta ƙara ya ƙi ɗagawa. Wallahi raina ya ɓaci.

Mun manta yadda muka yi ta Allah wadai a Yulin 2021, lokacin da aka yi wa Bukayo Saka, yaro ɗan shekara 19, ruwan zagin wariyar launin fata bayan ya ɓarar da fenareti a wasan Ingila da Italiya a Wembley? Yau ga shi muna yi wa namu.

Yanzu mun kafa doka: wanda ya fitar da maganar ɗan'uwa waje, mu cire shi. Wanda ya yi kuskure, a kira shi a keɓe. Na kuma tuna musu cewa dokar laifukan intanet ta 2015 ta hana yi wa mutum barazana.

Ina roƙon masu kula da sauran dandali su gwada hakan. Telan dai har yau bai dawo cikinmu ba.

Mai karatunku,
Daga Tudun Wada, Zariya